DA RUWAN CIKI A KAN JA NA RIJIYA: TAIMAKON JAMA'A GA ƊALIBAN JAMI'A DA MASU BINCIKE

Unguwar Bukoki tana cikin manyan unguwannin birnin Yamai, kuma sunanta kaɗai ya isa ya ba da tarihinta. Bukkoki ne na zana da kara waɗanda baƙi suka kakkafa sa'ad da suka baro garuruwansu neman abin kai wa baka. Yau gidajen ƙasa da na siminti sun maye gurbinsu, unguwar ta bunƙasa har ta kasu kashi huɗu, ga kuma kasuwar Katako a gefenta, inda maƙera ke narka tsohon ƙarfe su mai da shi tukunya, masu katako da kwano da hatsi kuma suna ciniki tun safe har faɗuwar rana.

Duk wanda ya san zaman wannan unguwa ya san mutanenta ba su da rowa. Ran Juma'a ana sadaka, bayan shekara masu hali suna fid da zakka, mata suna zubin adashe, in an yi haihuwa ko rasuwa maƙwabta suna haɗa gudummawa, in kuwa masallaci ake ginawa, kowa yakan kawo abin da ya sawwaƙa, wani buhun siminti, wani ƙarfin jikinsa. Amma akwai ƙofa guda ta alheri wadda har yanzu ba a cika ƙwanƙwasa ta ba, watau taimakon ɗalibin jami'a da malamin da ke bincike. Jama'a da yawa sun ɗauka wannan aikin gwamnati ne ita kaɗai, ko kuwa na Turawa da Larabawa masu ba da agaji. Tarihi bai nuna haka ba, lissafi ma bai nuna haka ba.

NAUYIN DA KE KAN GWAMNATI

Lokacin da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, babu jami'a ko ɗaya a ƙasar. Wanda ya ci jarrabawar bakaloreya sai dai a tura shi Dakar, ko Abijan, ko Faransa. A 1971 aka buɗe Cibiyar Ilimi Mai Zurfi a Yamai, a 1973 ta zama cikakkiyar jami'a, masanin lissafi Bubakar Ba shi ne shugabanta na farko. A 1992 aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, masanin ilimin fizik wanda ya shugabanci ofishin binciken hasken rana na ƙasa tun daga 1969, ya kuma riƙe jami'ar daga 1979, kafin rasuwarsa a 1991. Bayan haka, a 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas da Difa da Dosso da Tilaberi.

Wannan ci gaba ne babba, amma yana tafe da nauyi. A 1960 mutanen ƙasar ba su wuce wajen miliyan uku ba. Ƙidayar 2012 ta nuna sun zarce miliyan 17, kuma kusan rabinsu yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kowace shekara masu cin bakaloreya suna ƙaruwa, kowannensu yana neman kujera a aji, da gado a ɗakin kwana, da abinci. Gwamnati tana biyan kuɗin tallafin karatu, wanda ɗalibai ke kira burs, ta hannun hukumar ANAB, bisa ga sharaɗin shekaru da yawan makin da ɗalibi ya samu. Ba kowa ke cika sharaɗin ba, kuma ko waɗanda suka cika, sau da yawa jinkirin biya ya sha jawo yajin karatu. Baitulmalin da ke biyan burs shi ne dai ke biyan albashin malaman firamare, da magungunan gidajen likita, da tsaron ƙasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shi kuwa bincike, rabonsa ya fi na kowa ƙanƙanta. Tun a 1980, a taron Legas, shugabannin Afirka suka amince kowace ƙasa ta riƙa ware kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da take samarwa domin kimiyya da fasaha. Yawancin ƙasashen nahiyar ba su kai ga cika wannan alkawari ba.

ABIN DA KE KARYA ƊALIBI

Ɗan Bukoki da ya sami shiga Jami'ar Abdu Mumuni sai ya ratsa gari, ya haye kogin Isa ta gadar Kenedi zuwa Harobanda, safe da maraice. Akwai kuɗin faba-faba ko na taksi, akwai kuɗin rajista, akwai na kwafin darussa, akwai na abincin rana. Kowane ɗaya daga cikinsu ƙarami ne, amma in suka taru a kan uba mai sayar da itace ko uwa mai tuyar ƙosai, sai su zama dutse. Ba wuyar karatu ce ke fid da irin wannan ɗalibi daga jami'a ba. Sau da yawa rashin jika biyar ne a daidai ranar da ake bukatarta. Ƴa mace kuwa, in gida ya ƙuntata, ita ake fara ce wa ta haƙura.

Wanda ya jure har ya kai shekarar rubuta kundin digiri, sai ya tarar da wani shingen. Mai nazarin noma yana bukatar zuwa gona a Kollo ko a Tarna ya auna, ya dawo, ya sake komawa. Mai nazarin likita yana bukatar sinadaran gwaji. Mai nazarin tarihi yana bukatar kuɗin mota zuwa wurin dattawa kafin su ƙaura da abin da ke cikin kansu. In babu mai biya, ɗayan biyu ne: ko binciken ya tsaya, ko kuwa ɗalibin ya karkata ga abin da mai kuɗi na waje yake son a bincika.

KYAUTAR DA TA ZO DAGA NESA

Mai karatu zai iya tambaya: me bincike ya taɓa tsinana wa talaka? Amsar tana nan kusa, cikin cutar da babu gidan da bai san sunanta ba, watau sanƙarau. A annobar 1996 zuwa 1997, mutum wajen 250,000 suka kamu a ƙasashen Sahel, fiye da 25,000 suka rasu. Allurar da ake da ita a lokacin kariyarta ba ta daɗewa, ba ta kuma yi wa ƙananan yara aiki sosai. Manyan kamfanonin magani ba su ga riba ba cikin haɗa wata sabuwa domin matalautan ƙasashe.

A 2001 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta Amurka ta ba da kyautar dalar Amurka miliyan 70 ga Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH, domin a binciko allurar da ta dace da Afirka. Aka ba kamfanin Serum na ƙasar Indiya aikin haɗa ta, bisa sharaɗin kuɗin allura ɗaya kada ya kai rabin dalar Amurka. Bayan shekara tara ana aiki, a 2010 aka soma yi wa jama'a ita a Burkina Faso da Mali da Nijar, daga ɗan shekara ɗaya zuwa ɗan shekara 29. Sunanta MenAfriVac. Tun daga nan, irin sanƙarau da ake kira A, wanda shi ne ya fi kisa a dā, ya kusa ɓacewa ƙaf daga Sahel.

Amma cuta ba ta barci. A 2015 wani irin, wanda ake kira C, ya ɓarke a Nijar, mutum fiye da 8,000 suka kamu, fiye da 500 suka rasu. A Yamai har an rufe makarantu na ƴan kwanaki, an kuma kwantar da majinyata a cibiyar Lazare, maƙwabciyar Bukoki. Masanan cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai su ne ke duba ruwan jikin majinyata su tantance ko wane iri ne ya shigo, domin sai an san iri sa'an nan a san allurar da za a nema. A 2024 aka soma amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga iri biyar, a Najeriya da Nijar. Wannan ya nuna abu biyu: kyautar da aka zuba a bincike tana ceton rai, kuma ko allura ta zo daga Indiya, sai da masani ɗan ƙasa a zaune a ɗakin gwaji kafin ta yi amfani.

Misali na biyu yana cikin rumbu. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya, amma manomi ya daɗe yana sayar da wakensa da arha tun da kaka, don tsoron ƙwari, ko kuwa ya barbaɗa masa maganin da ke cutar mai ci. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu na Afirka, suka gano cewa in an zuba wake cikin leda mai kauri, aka ɗaure, aka sa ta cikin wata ledar aka ɗaure, sa'an nan aka sa cikin buhu, iska takan ƙare wa ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Daga 2007, da kuɗin gidauniyar Gates, aka yaɗa wannan buhu mai suna PICS a ƙauyuka, kuma masanan hukumar binciken noma ta INRAN a Maraɗi, irin su Malam Ibrahim Bawa, sun yi babban aiki wajen gwada shi. Abin lura a nan shi ne asalin ita jami'ar: sunan wani ɗan kasuwa ta ci, John Purdue, wanda ya ba da dalar Amurka 150,000 aka kafa ta a 1869. Kyautar ɗan kasuwa ce, bayan shekara fiye da ɗari, ta isa rumbun manomin Gobir da na Katsina.

Sai dai Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mai kyauta na waje shi ke zaɓen abin da za a bincika, shi ke yanke yawan shekarun aikin, kuma in ra'ayinsa ya juya ko siyasar duniya ta canza, sai ya naɗe tabarmarsa. Godiya wajibi ce, amma kayan aro ba ya rufe katara.

MAGABATA SUN RIGA SUN NUNA HANYA

Kada a zaci ɗaukar nauyin masu neman ilimi baƙon abu ne a ƙasashen nan. Masanin tarihin Masar, al-Maƙrizi, ya rubuta cewa wajen shekarar 1242 mutanen Kanem suka ba wani alƙali mai suna Ibn Rashiƙ kuɗi, ya gina makaranta a Alƙahira domin ɗalibai da alhazan ƙasarsu, suka kuma riƙa aika mata da kuɗi kusan kowace shekara. Zamanin Mai Dunama Dabbalemi ke nan, sa'ad da mulkin Kanem ya haɗa har da Kawar, cikin Nijar ta yau. Watau shekara kusan ɗari takwas da suka wuce, mutanen yankin tabkin Cadi sun san cewa ɗalibin da ke nesa da gida yana bukatar wurin kwana da abinci, ba na wata ɗaya ba, na kullum.

A birnin Fas na Maroko, marubuta tarihi sun ruwaito cewa wata mace, Fatima al-Fihri, ita ta gina masallacin Ƙarawiyyin a 859 da gadon da mahaifinta ɗan kasuwa ya bar mata, wurin da ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun ilimi mai zurfi na duniya. Azhar ta Alƙahira, wadda aka soma ginawa a 970, ta yi ɗaruruwan shekaru tana raba wa ɗalibai gurasa kyauta daga amfanin gonaki da shagunan da masu hali suka keɓe mata, har da ɗakunan da aka ware wa ƴan Barno. A birane irin su Katsina da Kano da Agadas da Sayi ma, attajiri yakan sauki malami a gidansa, unguwa kuma ta ciyar da almajiransa.

MENE NE WAƘAFI

Sirrin daɗewar waɗannan makarantu shi ne waƙafi, wanda malaman ƙasar Hausa suka fi sani da hubusi. Ma'anarsa a tsare asalin dukiya, a riƙa ba da amfaninta. Malamai suna kafa hujja da gonar da Sayyidina Umar ya samu a Haibara, wadda ya tsare, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, amfaninta kaɗai ake rabawa. Gida ne, ko shago, ko gona, ko garka, ko rijiya. Mai shi ya fid da shi daga mallakarsa, ya faɗi abin da za a yi da kuɗin hayarsa, ya naɗa mai kula.

Bambancinsa da sadakar yau da kullum a fili yake. Wanda ya ba ɗalibi jika goma ya taimake shi wata guda. Wanda ya tsare shago guda domin ɗalibai, hayar shagon za ta taimaki ɗalibin bana, ta taimaki na baɗi, har bayan mai kyautar ya kwanta dama. Na farko ya ba da ƴaƴan itace, na biyu ya dasa itacen. Bambancinsa da zakka kuma shi ne, zakka tana da ƙayyadaddun masu karɓa, ɗalibi matalauci yana cikinsu saboda talaucinsa. Amma waƙafi ana iya yin sa domin littattafai, ko kayan ɗakin gwaji, ko kuɗin tafiyar mai bincike. Manyan jami'o'in Amurka da Ingila ma a kan irin wannan tsari suke tsaye: dukiyar da aka ba su suna juya ta, ribar kaɗai suke ci.

Nijar tana da misali a gida. A taron shugabannin ƙasashen Musulmi na Lahor, a Pakistan, cikin watan Fabrairu na 1974, aka yanke shawarar kafa jami'o'i biyu a Afirka, ɗaya a Nijar, ɗaya a Uganda. Ta Nijar ta buɗe a 1986 a Sayi, garin Alfa Mahaman Jobbo, ta Uganda kuma a 1988 a garin Mbale. Dukansu biyu da gudummawar ƙasashe da ta masu hali aka gina su, kuma dukansu sun ɗanɗana wahalar jiran gudummawa shekara-shekara. Shi ya sa aka nemi a kafa musu waƙafi. Ta Uganda ta sami dogon bene a tsakiyar Kampala, mai sunan Sarki Fahad na Saudiyya, wanda kuɗin hayarsa ke shiga asusunta. Ta Sayi kuma, gwamnatin Nijar ta ba ta fili a Yamai domin waƙafi, aka kuma gina wa ɗalibanta mata mazauni a birnin da kyautar marigayi Sarki Abdullahi, ta hannun Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe.

Ta wajen doka ma an share fage. Senegal ta kafa dokar waƙafi a 2015; Nijar ta kafa tata a 2019, a 2020 kuma ta kafa Babbar Hukumar Waƙafi. Amfanin doka shi ne a rubuta dukiyar da aka tsare a gaban hukuma, don kada bayan rasuwar mai kyauta magada ko mai kula su mai da ita tasu.

ATTAJIRAN MAƘWABTA

A Arewacin Najeriya, ƴan kasuwa sun soma waiwayar jami'o'i. A Katsina, gidauniyar Musulunci ta jihar ita ta tsaya har aka kafa Jami'ar Al-Qalam a 2005, marigayi Alhaji Aminu Ɗantata na Kano yana cikin manyan masu tallafa mata. A 2018 Alhaji Aliko Ɗangote ya miƙa wa Jami'ar Bayero ta Kano ginin makarantar koyon kasuwanci, sa'an nan ya gina wa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ɗakunan kwana masu ɗaukar ɗalibai fiye da 2,000. A 2021 Alhaji Abdussamad Rabi'u ya kafa gidauniyar ASR Africa, wadda ta ba jami'o'i da dama naira biliyan ɗaya kowacce, ta Zariya tana cikinsu.

Wannan abin koyi ne ga Alhazan Maraɗi da attajiran Yamai da Damagaram. Amma akwai darasi a ciki. Masu kyauta sun fi son gini, domin gini ana ganinsa, ana rubuta suna a goshinsa. Gini kuwa ba ya koyar da kowa. Yana bukatar gyara, da wuta, da ruwa, da malami a ciki. Kyautar da ta fi cika ita ce wadda aka haɗa gini da abin da zai riƙe shi, aka kuma ware wani kashi domin ɗalibin da zai zauna a ciki da malamin da zai yi bincike.

LISSAFIN KATAKO

Unguwa irin Bukoki ba sai ta jira ta haifi Ɗangote ba. Ga misali, domin a ga yadda lissafin yake. A ce ƴan kasuwa da masu sana'a dubu ɗaya sun amince kowanne ya riƙa zuba dala ashirin, watau tamma 100, kowace Juma'a. A mako an tara jika ɗari. A shekara, mako 52, an tara tamma 5,200,000. In aka raba biyu, rabi ɗaya, tamma 2,600,000, zai ishi ɗalibai 13 a ba kowanne jika ashirin a wata har wata goma na shekarar karatu. Ɗaya rabin a ajiye. Cikin shekara biyar ya kai tamma miliyan 13, abin da za a soma gina shaguna ko ɗakunan haya da shi, a rubuta su waƙafi. Daga ranar da haya ta fara shigowa, ko zubi ya yi rauni, tallafin ba zai tsaya ba. Dala ashirin ba ta fi kuɗin shayi ba, amma da yayyafi kogi kan cika.

Irin wannan asusu yana iya taimakon bincike ma, gwargwadon ƙarfinsa. Maƙeran Katako suna shaƙar hayaƙin narka ƙarfe kullum. Ɗalibin likita zai iya nazarin abin da yake yi wa ƙirjinsu. Ruwan damina yana kwanciya a lunguna yana haifar da sauro. Ɗalibin ilimin ƙasa zai iya auna hanyar da ruwan ya kamata ya bi. Masu ƙera murhu za su amfana da wanda zai gwada musu irin da ya fi cin gawayi kaɗan, aikin da ya yi daidai da abin da Abdu Mumuni ya sa gaba sa'ad da ofishinsa ke ƙera tukunyar dafuwa da na'urar ɗuma ruwa masu aiki da rana. Wanda ya biya kuɗin bincike shi ke da ikon kawo tambaya. In unguwa ta biya, tambayar unguwa za a amsa.

SHARUƊƊAN AMANA

Abin da ke kashe asusun jama'a sananne ne: rashin rubutu, da son kai, da ɓoye lissafi. Saboda haka akwai sharuɗɗan da ba makawa sai an kiyaye. Na farko, a rubuta ƙungiyar a gaban hukuma, kuɗin kuma a ajiye a banki, kada su fita sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Na biyu, a tsai da ƙa'idar zaɓen ɗalibai tun kafin a san sunayensu: ƙoƙarin ɗalibi, da rashin halin iyayensa, da kason da aka ware wa ƴan mata, ba tare da duba ƙabila ko dangantaka ba. Na uku, kowane ɗalibi ya kawo takardar sakamakonsa a ƙarshen shekara kafin a sabunta masa. Na huɗu, a karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a, da Hausa da Zabarmanci, a kuma manna shi inda kowa zai gani. Na biyar, wanda asusu ya ɗauki nauyinsa, in ya kama aiki, ya shiga cikin masu zubi.

A nan ne waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suke da babban matsayi. Wanda ya iya rubutu da lissafi da harshensa shi ne zai riƙe littafin zubi, ya ba da rasit, ya karanta wa ƴan'uwansa abin da aka kashe. Shi ya fi kowa sanin zafin rashin ilimi da daɗin samunsa, ko da a girma ne. Ma'aikatan hukuma kuwa, nasu aikin shi ne su sauƙaƙa rajistar irin waɗannan ƙungiyoyi, su bayyana wa jama'a dokar waƙafi da harsunan ƙasa, su kuma duba yadda za a rangwanta haraji ga ɗan kasuwar da ya ba da kyauta domin ilimi, kamar yadda ƙasashe da yawa ke yi. Jami'o'i su ma ya kamata kowacce ta buɗe ofishin karɓar kyauta, ta riƙa sanar da abin da ta karɓa da inda ya tafi, malamanta kuma su riƙa fitowa suna gaya wa jama'a sakamakon bincikensu da harshen da za a fahimta. Mutum ba ya zuba dukiyarsa cikin abin da bai gane ba.

Taimakon jama'a ba zai sauke wa gwamnati nauyinta ba, bai kuma kamata ya zama dalilin rage abin da take bayarwa ba. Ƙari ne, kamar yadda a zamanin Samariya matasa suka gina azuzuwa da gayya, gwamnati ta kawo malamai. Likitan da zai duba jikokin masu zubin yau, da injiniyan da zai gyara musu magudanar ruwa, da masanin da zai gane cutar gero ta gaba, yanzu haka suna zaune a aji, wasunsu ba su san inda kuɗin motar gobe zai fito ba. Mutanen Kanem sun aika da dukiyarsu har Alƙahira a bayan raƙuma domin ɗalibansu. Jami'ar mutanen Bukoki kuwa tana ƙetaren gada ne kawai. Allah ya sa masu hali da masu ƙaramin ƙarfi su haɗa hannu, ya kuma sa albarka cikin abin da za su dasa.